Shekara huɗu ina tallar takalman Baffa a waya

A farkon shekarar 2021 na fara yi wa Baffana, ƙanen mahaifina, maganar mu kai sana'arsa shafukan sada zumunta. Baffa baduku ne, dukanci kuwa gadon gidanmu ne, kuma rumfarsa tana Shiyar Madunka a cikin tsohon garin Sakkwato. Shekarar da ta gabata, wato ta annobar korona, ta taɓa shi ƙwarai, domin yawancin cinikinsa a hannun baƙi yake: masu zuwa ziyarar Hubbaren Shehu, da ma'aikatan da aka turo aiki na ɗan lokaci, da iyayen ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ba sa son komawa gida ba tare da tsarabar takalmi ko jaka ko tumtum ba. Da tafiye-tafiye suka tsaya sai kaya suka taru a rataye, ƙura tana hawansu, ga kuɗin fata da aka riga aka biya majema.

Ya saurare ni har na gama, yana ci gaba da ɗinkinsa, sannan ya ce: "Ɗana, ni ban hana ka ba. Amma kada ka nuna ma mutane abin da ba mu da shi, kuma kada ka ɗauki alkawalin da hannuna bai iya cikawa." Muka yi yarjejeniya cewa kowane wata zai ware kuɗin takalmi ƙafa ɗaya domin data da talla, ni kuma na roƙe shi kada mu yanke hukunci a kan aikin sai mun ga Sallah biyu sun wuce. Wannan wa'adin da na roƙa shi ne ya ceci aikin, domin da a wata uku aka auna ni, da tuni an rufe maganar.

Na buɗe shafi a Facebook da Instagram, na sayi sabon layi na ɗora masa WhatsApp Business. Watannin farko ba su haifar da komai ba, kuma laifin nawa ne. Ina rubutu da Turanci ina kwaikwayon shagunan Legas, ina zuba hotuna goma a yini ɗaya sannan in yi shiru na mako guda, masu danna alamar so kuma duk abokan karatuna ne, waɗanda suka san hanyar rumfar da ƙafarsu. Hotunan ma ba su da kyau. Jar fatar Sakkwato tana da wani irin ja mai zurfi wanda ranar tsaka take cinyewa a hoto, ya koma kamar na roba, inuwar cikin rumfa kuma takan mayar da shi baƙi-baƙi. Na daɗe ina gwaji kafin na gane cewa lokacin hoto a garinmu biyu ne, da hantsi da kuma bayan la'asar sakaliya. Nakan shimfiɗa tabarmar kaba a bakin zaure, inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya, in goge takalmin da tsumma mai laushi, in durƙusa har wayar ta yi daidai da tsayinsa, domin a ga kaurin tafin da layin ɗinkin. A lokacin hunturu sai na goge sau biyu ko uku kafin in ɗauka, saboda hazo ba ya jiran kowa. Ban taɓa ƙara wa hoto launi ba, saboda sharaɗin Baffa na farko, kuma daga baya na ga amfanin hakan, domin har yau ba a taɓa dawo mana da kaya a kan cewa launinsu ya saɓa da na hoto ba.

Abin da ya buɗe ƙofa bai zo ta hoton kaya ba. Wata safiya ina zaune ina kallon Baffa yana ɗinke madaurin takalmi, yana huda fata da basilla yana jan zare da irin saurin da shekaru suka koya masa, sai na ɗauki bidiyon da bai kai minti ɗaya ba. Ya ce bai yarda a nuna fuskarsa ba, don haka hannayensa kawai suka fito, da ƙarar rediyon maƙwabcinsa a baya. Na ɗora muryata a kai da Hausa, na bayyana cewa wannan fatar jar akuyar Sakkwato ce, cewa ta bi ta hannun majema an cire gashinta an jeme ta da bagaruwa, an rina ta da karan dafi, kuma ita ce fatar da ayarin fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. A daren nan wani mutum daga Kaduna, wanda ban san shi ba kuma bai san kowa nawa ba, ya turo saƙo yana tambayar ko akwai lambar ƙafarsa. Shi ne mutum na farko da ya sayi kayanmu ta waya. Daga ranar na daina Turanci, na kuma rage nuna kaya a jere kamar a kanti, na mayar da hankali ga nuna yadda ake yin su.

A makon ne kuma na sayi littafi mai ƙaton bango, irin na 'yan kasuwa, na ja layuka. Duk wanda ya yi mana magana sai na rubuta ranar, da garinsa, da inda ya gan mu, da abin da ya tambaya, da lambar ƙafarsa, da ko ya saya ko bai saya ba, in bai saya ba kuma mene ne dalilin da ya faɗa. Shafukan suna nuna wa mutum adadin waɗanda suka kalla da waɗanda suka danna, amma ba sa gaya masa cewa wata hajiya a Abuja ta fasa saye ne saboda madaurin jakar ya yi mata gajere, ko kuma cewa mutum uku a mako ɗaya sun tambayi baƙin takalmi alhali mu ja kawai muke nunawa. Littafin nan ne ya zama idon tallarmu. Yanzu muna kan na huɗu, kuma ba na ɗaukar wani mataki, ko na kashe kuɗi ko na sauya samfuri, sai na duba shi.

Shi ne ya nuna mini cewa Facebook da Instagram wuraren haɗuwa ne, ciniki kuwa a WhatsApp ake ƙulla shi. To amma WhatsApp yana da ƙa'idojinsa da sai wanda ya zauna da shi yake sani. Abin da ka ɗora a sitatus awa 24 kawai yake yi, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka. Saƙon da ake aika wa jama'a a lokaci guda bai wuce mutum 256 a jeri ɗaya, kuma shi ma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Saboda haka na mayar da shi al'ada, duk wanda muka yi magana da shi, ko bai sayi komai ba, in roƙe shi cikin ladabi ya adana lambarmu, ni ma in adana tasa da sunan garinsa. Na kuma lura cewa da yawa daga cikin masu sayenmu, musamman dattawa da 'yan kasuwa, sun fi son saƙon murya a kan rubutu, kuma suna son a fara da sallama da tambayar iyali kafin a shiga farashi. Wanda ya ce "nawa?" ka amsa masa da lamba kawai, da wuya ya sake dawowa. Maganar lambar ƙafa ma ta murya muka warware ta: nakan roƙi mai saye ya taka farar takarda, a zagaye ƙafarsa da biro, a auna tsawon da rula a turo mini hoto, domin lambar da mutum ya saba sawa a takalmin kanti ba lallai ta dace da ɗinkin hannu ba.

Sai Ƙaramar Sallar 2021 ta zo, a tsakiyar watan Mayu, na karya sharaɗin Baffa na biyu. Saƙonni suna shigowa, ni kuma daɗi ya ɗebe ni, ina ta karɓar oda har cikin goman ƙarshe na azumi, ban tsaya na lissafa cewa hannu shida ne kawai a rumfar ba, na Baffa da na yaransa biyu. Suka riƙa aiki bayan tarawihi har kusan sahur, da fitilar caji, cikin zafin Sakkwato na wannan lokaci wanda dare ma ba ya sassauta shi. Duk da haka wasu ba su sami takalmansu ba sai bayan Sallah. Na kira kowannensu ɗaya bayan ɗaya na ba shi haƙuri, wanda ya nemi kuɗinsa na mayar masa, kuma har yau ina jin nauyin muryar wani bawan Allah da ya ce mini ya riga ya gaya wa 'ya'yansa cewa takalmansu suna hanya. Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ne ya sa na ƙirga da kaina ƙafa nawa mutum ɗaya yake iya gamawa a yini ba tare da ya yi ha'inci a ɗinki ba, sannan ya ce in ninka da kwanakin da suka rage kafin in sake cewa kowa "to".

Tun daga nan kalandar tallarmu ta koma ta Musulunci. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka wanda ya tsara tallar Sallah da watannin Bature zai riƙa makara kowace shekara. Mukan fara nuna sababbin samfura tun farkon Sha'aban, ta yadda ranar da fadar Sarkin Musulmi za ta sanar da ganin watan Ramadan mun riga mun san rabin aikin da ke gabanmu, sannan mu rufe karɓar oda a tsakiyar azumi, mu kuma sanar da rufewar a fili. Na ji tsoron wannan sanarwa da farko, ina ganin kamar korar ciniki ce. Abin da na gani shi ne waɗanda suka makara a bana su ne suke fara turo saƙo a Sha'aban na baɗi. Bayan Babbar Sallah, lokacin da fatun layya suke shigowa hannun majema, mukan nuna aikin jima, a watannin bukukuwa kuma mu karkata ga jakunkuna da takalman da ake sawa a lefe.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Goronyo da Isa da Sabon Birni. Cikin gari muna da sabis, amma mutumin da yake tara mana fata daga ƙauyukan gabas ya ɓace mana na tsawon makonni, kuma dole na rage talla don kada in sake sayar da abin da babu. A lokacin ne na kwafe dukkan lambobin masu sayenmu daga waya zuwa bayan littafi da hannuna, domin na ga da idona cewa abin da yake cikin waya kaɗai yana iya yankewa a dare ɗaya.

Tallar kuɗi ban shige ta sosai ba sai a 2022, kuma a nan ma na biya kuɗin koyo. Karon farko na danna maɓallin da yake yaɗa hoto, na zaɓi Nijeriya gaba ɗaya, maza da mata, yaro da babba. Kuɗin wata guda ya ƙare cikin 'yan kwanaki, alamun so suka taru har na yi murna, amma da na buɗe littafi ban sami sunan mai saye ko ɗaya da zan rubuta ba. Daga baya na koyi cewa tun wajen tsara tallar ake gaya wa na'ura abin da ake nema, ko masu kallo ko masu turo saƙo, kuma abin da ka nema shi za ta kawo maka. Na koma neman masu turo saƙo, na taƙaita garuruwa zuwa waɗanda littafi ya nuna, wato Abuja da Kaduna da Kano da Legas, na bar rubutun da Hausa domin shi da kansa yana tace wanda zai tsaya ya karanta. Nakan saki talla biyu a tare waɗanda abu ɗaya kawai ya bambanta su, ko hoto ko jimlar farko, in bar su mako guda ban taɓa ba, sannan in kashe wadda ta gaza. Lissafina kuma ɗaya ne: kuɗin da aka kashe a raba shi da yawan waɗanda suka biya kuɗin kaya, in abin da ya fito ya fi ribar ƙafa ɗaya, to tallar asara ce komai yawan masu yabonta. Cikin lissafin dole a sa harajin kashi 7.5 cikin 100 da aka fara ɗorawa a kan irin wannan talla daga Janairun 2022. A shekarar ne kuma bankuna suka taƙaita amfani da katin naira wajen biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje, sai na koma zuba naira tun kafin talla ta fara, wanda ya zo daidai da tsarin Baffa na kuɗin ƙafa ɗaya a wata, domin in ya ƙare tallar da kanta take tsayawa.

Aika kaya wani fage ne daban, kuma mai saye ba ya raba shi da talla, domin in kaya suka ɓata a hanya sunanmu ne ya ɓaci. Sakkwato tana da nisa da yawancin masu sayenmu, motar Abuja yini guda take yi a hanya. Muna bayarwa a tasha, in ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar in tura wa mai kaya tare da lambar direba, washegari kuma in kira in ji ko ya isa. Sau ɗaya wani ya turo hoton shaidar biya ta bogi, ƙanena ya kai kayan tasha kafin in duba asusu, muka yi asarar jakunkuna biyu. Tun ranar ba a ɗaure kaya sai na ga kuɗi sun zauna a asusu da idona, kuma ina faɗa wa kowa wannan ƙa'ida tun farko don kada wani ya ji an zarge shi.

Shekarar 2023 ta gwada mu ta kowane gefe. A farkonta, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, masu shigowa rumfa suka ragu saboda babu kuɗi a hannu, mu kuwa da muka saba da tiransifa cinikin waya ne ya riƙe mu, har maƙwabtan Baffa da suke yi mini kallon mai wasa da waya suka fara zuwa tambaya. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, gam da zare da robar tafi suka bi shi. Dole muka ƙara farashi, kuma maimakon in sauya lambobi a ɓoye sai na yi bidiyo na jera kayan aikin a kan tabarma, na faɗi yadda muke sayen kowanne a da da yadda muke saye yanzu. Wasu sun tafi, amma babu wanda ya ce mun cuce shi. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta tsaya, masu sayenmu na Ƙonni da Tawa da Maraɗi suka yanke. Ban cire su daga jerin ba. Na ci gaba da aika musu gaisuwar Juma'a da barka da Sallah ba tare da maganar kaya ba, kuma da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024, ana cikin azumi, su ne suka fara turo awon ƙafa.

Abin da ba a cika faɗa ba game da irin wannan aiki shi ne gajiya. A shekara ta uku na wayi gari ba ni da abin cewa, na nuna ɗinki, na nuna jima, na nuna rini, kuma masu kallo sun fara raguwa. Na yi kusan wata guda ina ɗora abu don kawai kada shafi ya mutu, mutane kuma suna gane irin wannan. Littafin ne ya sake fitar da ni. Na bi layin tambayoyi tun daga farko, na ga cewa kowace tambaya darasi ce: yadda ake adana takalmin fata da damina don kada ya yi fumfuna, abin da ake yi in ruwa ya jiƙa shi, dalilin da ya sa ba a shanya shi a tsakiyar rana, yadda ake bambance fatar gaske da ta roba ta ƙamshi da ta bayanta. Na kuma yarda cewa mutum ɗaya ba zai iya ba. Ƙanwata ta karɓi ɓangaren jakunkuna da amsa saƙonnin mata, waɗanda da yawansu sun fi sakewa da ita, kuma ita ce ta gano cewa tsawon madauri da zif na ciki sun fi damun masu saye a kan adon da muke ta wahala a kansa. Muka tsayar da kwana uku a mako: Litinin aikin hannu, Laraba kayan da muke da su a hannu tare da farashinsu, Juma'a gaisuwa da hoton wani mai saye in ya ba da izini. TikTok mun shige shi a makare. Ya kawo masu kallo da yawa, yawancinsu matasa, masu saye kaɗan, amma ta nan ne wani yaro daga cikin gari ya ga hannun Baffa ya zo da mahaifinsa neman a koya masa sana'a, kuma yanzu shi ne yake yanka tafi.

Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, na san masu kallonmu za su fara tsallake dogon bidiyo, don haka na rage tsawonsu, na mayar da dogon bayani zuwa saƙon murya ga wanda ya nema. Kasafin tallar har yanzu kuɗin ƙafa ɗaya ne a wata, sai a Sha'aban da Baffa da kansa yake cewa a ninka.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina durƙushe a bakin zaure ina ɗaukar hoton wani sabon samfuri, Baffa ya ce in ɗauko littafi in karanta masa mutanen waya na wannan mako, kamar yadda yake kiransu. Cikin sunayen akwai mutumin nan na Kaduna, wanda ya fara saye a 2021. Ɗansa zai yi aure, yana son takalmin ango da na abokansa, kuma ya turo takardu bakwai, kowace da zanen ƙafa da awonta a gefe. Baffa ya karɓi wayar ya kusanto da ita fuskarsa, ya daɗe yana duban zanen farko, sannan ya tambaye ni ranar ɗaurin auren. Na faɗa masa. Ya ƙirga kwanakin da yatsunsa, ya dubi fatun da suke rataye, ya ce in gaya masa an karɓa.